An ba ni ragamar ma'aikata amma dattawa ba sa jin maganata

Ɗan Makka:
Salam jama'a, don Allah shawara. An ɗora ni kan mutum 9 masu raba wa alhazai abinci a Mina, biyu sun haife ni, in na ce a yi kaza sai su yi kamar ba su ji ba, abin na damuna wallahi.

Baban Jidda:
Ɗana, kar ka ba dattijo umarni gaban yara. Ja shi gefe ka nemi shawararsa, ka damƙa masa wasu tantuna ya kula da su.

Bakano:
Gaskiya ne Baba. Kuma ranar Arfa in rana ta ƙwalle kai ka fara ɗaukar kwali, kai ne ƙarshen cin abinci.

Ɗan Makka:
Na gode Baba, gobe bayan asuba zan same su.