Neman shawara: yaya zan haɗa tarihin zuri'armu da ta warwatsu a ƙasashe shida?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Yau shekara biyu ke nan ina fama da tattara tarihin zuri'armu, kuma na kai inda ban san abin da zan sa a gaba ba. Kakanmu na wajen uba ya bar gida yana saurayi da niyyar sauke farali, ya bi hanyar ƙasa kamar yadda mutanen zamaninsa suke yi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya yana aikin auduga a gonakin Jazira har ya yi aure a can aka haifa masa 'ya'ya uku. Daga baya ya tsallaka teku ya yi hajjinsa, ya dawo Najeriya shi kaɗai, ya sake aure, aka haifi mahaifinmu da 'yan'uwansa. Ƙanen kakan namu kuma fatauci ya kai shi Ghana tun ana ce mata Gwalkwas, kuma da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu a ƙarshen 1969, rabin gidansa suka taso, wasunsu suka yada zango a Nijar, sauran suka ci gaba da zama a can. Yanzu akwai namu a Saudiyya, ni kuma aure ya kawo ni Ingila.

Da mahaifinmu ya rasu, wani akwatin ƙarfe ya faɗo hannuna. A ciki akwai hotuna, wasu sun manne da juna fuska da fuska saboda laima, da wasiƙu na Larabci da na ajami, da kaset goma sha ɗaya da 'yan ɗakin Sudan suka riƙa aiko wa mahaifinmu a madadin wasiƙa. Na riga na rubuta sunaye 312 a littafi, amma har yanzu akwai giɓi. Babbar damuwata ita ce, 'yan ɗakin Sudan suna cewa kaka ya yi alkawarin komawa ya ɗauke su bai cika ba, mu kuma an gaya mana dangin matar ne suka hana ta biyo shi. Goggonmu, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa, tana da shekara 87. Ina so in fitar da littafi guda wanda kowane ɗaki zai yarda da shi. Ta ina zan bi?

Tsohon ma'aikacin adana tarihi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekaru da yawa a wannan aiki, kuma zan gaya miki gaskiya, kin fara daga inda ya kamata ki ƙare. Sunayen da ke littafinki babu inda za su je, amma goggonki ba ki da tabbacin za ki same ta baɗi da hankalinta da muryarta. Ki ajiye littafin nan, ki nemi wanda ke kusa da ita ya fara ɗaukar muryarta a wannan makon. Wayar hannu ta isa, in dai an zauna a ɗakin da babu fanka ko talabijin, an ajiye wayar kusa da bakinta. Kada a wuce minti arba'in a zama ɗaya, domin tsoho yana gajiya. A farkon kowane zama mai ɗauka ya faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana. Kada kuma a ce mata ta ba da tarihin gidanku, za ta maimaita abin da kowa ya sani. A miƙa mata hoto ɗaya a tambaye ta wane ne wannan, wa ke tsaye a bayansa, a ina aka ɗauka, sannan a yi shiru a bar ta ta yi magana.

Hotunan da suka manne kada ki ɓamɓare su da hannu, fuskokin za su tashi. Waɗanda ke lafiya a ɗauke su da sikana, gaba da baya, domin sau da yawa rubutun bayan hoto ya fi hoton amfani. Kada ma'aunin ya yi ƙasa da ɗigo 600 a inci, a ajiye su a tsarin TIFF, murya kuma a WAV idan da hali, wato nau'o'in fayil na kwamfuta da ba sa rage inganci. Kwafi uku za ki yi, a ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wata ƙasa dabam, kuma wannan ku bai zai ba ku wuya ba tunda kuna ƙasashe shida.

Wata uwa:
'Yar'uwa, ni shawarata ki bi a hankali. A gidanmu wani ƙanenmu ya taso da irin wannan aiki da kyakkyawar niyya, ya jera sunayen 'ya'yan kakanmu, sai ga sunan wata 'ya da aka daɗe ba a ambato. Jikokinta suka ga takardar, suka ce ashe suna da rabo a gadon da aka raba tun kafin a haife mu. Yau shekara huɗu ke nan ɗakuna biyu ba sa gaisawa, kuma ni da ban rubuta komai ba har ni aka daina kira. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wanda ya tayar da ƙurar yana zaune ƙasar waje lafiya lau, mu da muke ganin juna kullum mu aka bari da ita.

Mai neman shawara:
Baba, na gode, amma ba sakaci ne ya sa ban fara da Goggo ba. Ba ta jin magana sosai ta waya, kuma ba ta sakin jiki da jikokin da ke tare da ita, ni kaɗai take buɗe wa ciki. Na tsara in je da kaina idan na samu hutu, kuma ina so in isa da cikakken jerin sunaye domin in san abin da zan tambaya. Hajiya, mu babu maganar gado a tsakaninmu, kakanmu bai bar abin da za a yi rigima a kansa ba.

Wani ɗalibin tarihi:
Da izinin Baba, ni ina ganin takarda ce ya kamata ta zo farko. Tsofaffi suna haɗa shekaru, suna kuma kare nasu. Yaya, ki duba kwanakin da ke kan wasiƙun Larabcin, wataƙila na Hijira ne, kuma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Misali, 1380 ta kama a tsakiyar 1960, 1400 kuma a Nuwamban 1979. Idan kika jera wasiƙun bisa kwanan wata za ki ga ko kakanku ya ci gaba da aike bayan dawowarsa. Ki kuma lura da rubutun suna, domin mutum ɗaya zai fito Usman a takardar Najeriya, Ousmane a ta Nijar, Osman a ta Ghana ko Sudan, ki ɗauka mutum uku ne. Gidan adana tarihi na ƙasa yana da rassa a Kaduna da Ibadan da Enugu, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna. Takardun mulkin Faransa na Afirka ta Yamma kuwa, da yawansu suna Dakar. Sunaye 312 sun fi ƙarfin littafin hannu, ki zuba su a manhaja irin Gramps, kyauta ce, kuma tana fitar da su a tsarin GEDCOM wanda sauran manhajojin nasaba ke karantawa.

Tsohon ma'aikacin adana tarihi:
Ɗana, na zauna a cikin waɗannan takardu kafin a haife ka. Turawan mulki sun rubuta haraji da sarauta da shari'a, ba kasafai suke rubuta sunan talakan da ya ɗauki sandarsa ya nufi gabas ba. Za ta iya samun yanayin zamanin a can, amma dalilin da ya raba mutum da matarsa ba ya cikin fayil. 'Yata, ke kuma ki saurare ni. Littafin da kowane ɗaki zai yarda da shi ba zai samu ba sai kin share maganar wani, kuma ranar da kika yi haka kin zama alƙali a shari'ar da ba ki halarta ba. Ki rubuta cewa wance ta faɗi kaza a rana kaza, wane kuma ya faɗi kaza, ki ajiye su gefe da gefe. Sannan ban ji kin ce kin saurari kaset ɗin nan ba. Kada ki sa su a tsohuwar rediyo, zaren zai iya naɗewa ya tsinke, musamman idan ya yi fumfuna. Ki kai wa masu juya kaset zuwa kwamfuta, a yi sau ɗaya a gama.

Wani matashi:
Anti, me zai hana ku yi gwajin ƙwayar halitta? Zai nuna muku dangin da ba ku sani ba a wasu ƙasashe. Ni na so in yi, amma baffanmu ya hana, kamar yadda yake hana duk abin da ƙananan gida suka kawo, ko da taron zumunci ne sai ya ce ba a shawarce shi ba.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Ƙanena, gwajin nan ba zai amsa tambayarta ba, domin babu wanda ya musa cewa jininsu ɗaya ne. Kuma wanda ya ba da yawunsa ya ba da bayanin 'yan'uwansa da ba su amince ba. Kamfanin 23andMe mai yin irin wannan gwaji an kutsa cikin bayanan miliyoyin masu hulɗa da shi a 2023, ya kuma shigar da takardar karayar arziki a Maris na 2025. Ko jerin sunayen ma, bai kamata a sa ranar haihuwar rayayyu a inda kowa zai gani ba.

Mai neman shawara:
Baba, gaskiya ban saurari kaset ɗin ba. Na bar su ne da gangan, domin na yi alkawari da ɗan wata goggonmu ta ɗakin Sudan cewa tare za mu ji muryar mahaifiyarsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar gidansa tare da iyalinsa, takardun da ke hannunsa ban san halin da suke ciki ba, kuma sai a yi wata biyu ban same shi ba. Batun ajiye maganganu biyu gefe da gefe kuma, na fahimce ku, amma idan na buga cewa kaka ya saɓa alkawari alhali 'yarsa tana raye, da wane ido zan dube ta? Ni burina littafin ya haɗa mu.

Tsohon ma'aikacin adana tarihi:
Juya kaset dabam, sauraro dabam, 'yata. A juya su yanzu, ki rufe su har ɗan'uwanki ya samu natsuwa, alkawarinki yana nan. Ɗauka ma dabam take da bugawa, kina iya ajiye muryar goggonki shekara ashirin ba a buga ko harafi ba. Yaushe ne hutun naki?

Wata uwa:
Mu ma haka muka ce, babu abin rigima, kafin takardar ta fita.

Mai neman shawara:
Sai ƙarshen shekara, Baba, idan Allah ya yarda. Kafin nan zan cike giɓin 'yan ɗakin Nijar, domin saura gida biyu kawai. Akwai wanda ya san yadda ake raba hotunan da suka manne ba tare da sun lalace ba? Ina zaton matar kaka ta Sudan tana cikin ɗaya daga cikinsu.