Yadda ake rufe shigar da rubutu daga kibod ba tare da an kashe firogiram ba

Na Mokoyo: Salamu alaikum. Ɗalibai kan rubuta firogiram a C mai tara lambobi, a ce kuɗin buhunan waken da aka sayar a yini, sai ya yi ta jiran wata lamba ba iyaka. Sukan danna Ctrl+C, firogiram ya mutu, jimilla ba ta fito ba. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya ga yana aiki.

Malamin Sabon Gari: Wa alaikumus salam. A Linux, Ctrl+D ne. Amma ba harafi ba ne da ke isa ga firogiram. Taminal, wato tagar da ake rubuta umarni a cikinta, yake gaya wa ya miƙa abin da aka rubuta nan take. In layin babu komai, read, aikin da ke karɓo rubutun, ya dawo da 0, shi ne C ke ɗauka a matsayin EOF, wato ƙarshen abin karantawa. In kuwa ka rubuta 250 ba ka danna Entrée (Enter) ba, dannawar farko 250 ɗin za ta miƙa, sai ta biyu ta rufe. Kuma a rubuta while (scanf("%d", &n) == 1), kada a rubuta != EOF. Dalili, in mutum ya buga harafi maimakon lamba, scanf zai dawo da 0, harafin na nan bai gusa ba, zagayen ya yi ta juyawa har a kashe shi.

'Yar Bagalam: Malam, a ƙara da Windows, tunda ita ce a yawancin injinanmu. Can Ctrl+Z ne a farkon layi, sannan Entrée. A lura da kibod ma. Injin da aka sayo daga Kano QWERTY ne, in an sa masa tsarin Faransanci, maɓallin da aka rubuta wa Z zai ba da W, sai ka ga ^W a allo. Ctrl+Z a Linux kuma dakatar da firogiram yake yi, yana nan da rai, umarnin fg ke dawo da shi.

Ɗan Gulbi: Ni a ganina duk wannan na masu rubuta firogiram ne. Yaron shago ba zai riƙe Ctrl+D ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. A rubuta masa a allo: danna Entrée kawai in ka gama. Sai dai scanf da %d ba ya ganin layin da babu komai, tsallake shi yake yi. A karanta layi da fgets, in harafin farko \n ne, wato alamar ƙarshen layi, an gama, in ya dawo da NULL shi ma an gama, saura a juya shi lamba da strtol. Kada a sa 0 ko -1 alamar ƙarshe a lissafin kuɗi, ranar da aka mayar wa wani kuɗinsa za a buƙaci lamba mai ragi. In kuma fayil da aka rubuta a Windows aka tura wa firogiram a Linux, kowane layi na da \r kafin \n, sai a cire shi tukuna.

Malamin Sabon Gari: Haka ne ƙanena. A daina amfani da while (!feof(stdin)) ma, feof ba ya zama gaskiya sai karatu ya riga ya gaza, shi ya sa lambar ƙarshe ke shiga lissafi sau biyu. Abin da getchar ya dawo da shi kuma a ajiye shi a int, ba char ba.

Na Mokoyo: To Malam, wanda ya danna Ctrl+C duk da haka fa?

Malamin Sabon Gari: Wannan sigina ce, wato saƙon katsewa da ake aika wa firogiram, SIGINT, lamba 2. In ba a tare ta ba firogiram na mutuwa nan take, abin da fprintf ya tara bai kai fayil ba ya ɓace. A tare ta da sigaction, kuma aikin da zai karɓe ta kada ya yi komai sai sa 1 a wani volatile sig_atomic_t. Kada a sa SA_RESTART. Da shi, fgets komawa jira yake yi kamar ba a danna komai ba, kuma aikin signal na glibc, laburaren C na Linux, haka yake yi da kansa. Ba tare da shi ba fgets zai dawo da NULL, errno ya zama EINTR, a fita daga zagaye, a buga jimilla, a yi fclose, a fita da 130, lambar da ke nuna Ctrl+C ne ya tsayar da shi.

'Yar Bagalam: A Python abin ya fi sauƙi. input na jefa EOFError, Ctrl+C na jefa KeyboardInterrupt, a kama su biyun, a sa ajiyar fayil cikin finally. except Exception ba ya kama KeyboardInterrupt, dole a ambaci sunansa. Masu koyo a waya da manhajar Termux, maɓallin rage murya ne Ctrl ɗinku, ku riƙe shi ku danna D.