Zan sayar da MGC GT ta marigayi Baba, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar

Ɗan Layin Dogo, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan maganar nan tana cina a rai, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Ebute Metta. A 1974 ya sayi wata ƙaramar mota a hannun wani Bature da zai koma gida. MGC GT ce ƙirar 1969, mai ƙofa biyu, rufaffen kai, koriya shar. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera ta. Daga 1967 zuwa 1969 kawai kamfanin MG ya yi irinta, kuma masu rufaffen kan ba su kai 5,000 ba a duk duniya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka 'yar uwarta MGB ce, mai silinda huɗu, amma ka dubi bonet ɗinta za ka ga ya yi tozo, saboda injin silinda shida ne a ciki, 2912cc, da kafireta biyu ƙirar kamfanin SU. A bencin bayanta, wanda ko yaro ɗan shekara goma sai ya takure, ni da yayata muke zama ranar Lahadi Baba ya kai mu Bar Beach shan iska.

A 1991 ta tsaya. Shekara 26 tana ƙarƙashin tamfol a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta. A 2017 na ɗaga tamfol ɗin, na ga damshin Legas ya gama da gindin ƙofofi da daɓen ƙasa, kana taka ƙafa kana hango ƙasa. Shekara shida na yi a kanta. Abin da na samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo na saya, abin da babu, kamar robobin gilashi da kayan kafireta da fistin, sai da na yi odarsu daga Ingila. An sauke injin an ɗaure shi sabo, an mayar mata da fentinta na asali. Alhamdu lillahi Baba ya riski tashinta. Na ɗauke shi muka hau gadar Third Mainland da sassafe, bai ce uffan ba har muka sauka, hannunsa kawai yake shafa dashbod.

Bara ya rasu. Mu magada 11 ne, mota kuwa ba ta yankuwa. Wani dillali ya zo ya taya naira miliyan 9, ya ce sitiyarinta a dama yake, doka ba ta yarda da irin wannan a titi ba, don haka sai ya kashe kuɗi ya mayar da shi hagu. Ita kuwa ta shigo ƙasar nan ne kafin Afrilun 1972 da aka sauya hannun tuƙi. Tambayata: in juya sitiyarin kafin in sa ta a kasuwa? Kuma a nan zan nemi mai saye ko waje zan tura ta?

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, ka ji ni da kyau, kada ka bari kowa ya sa sifana a sitiyarin nan. Juya shi ba cire wannan a sa can ba ne kawai. Sai an sauya dashbod, an tayar da birki da kuloci daga mazauninsu, an huda ƙarfen da ke tsakanin inji da direba. In aka gama, ba motar da Bature ya ƙera ke hannunka ba, kuma wanda ya san darajarta yana leƙawa zai juya. Mai sayen irin wannan ba kasuwar Mile 12 zai riƙa zuwa da ita ba. Ajiye ta zai yi, in za a kai ta wani wuri a ɗora ta a kan babbar mota.

Ina yaron shago na taɓa irinta sau biyu. Gabanta nauyi gare shi saboda injin, in iskar tayar gaba ta yi ƙasa sai ta riƙa gardama a kwana. Ka cika iskar daidai kafin ka ba kowa gwaji. Mai saye na ƙwarai kuma zai zo da maganaɗisu ya bi gindin ƙofofi yana neman inda aka cike da fila. In ƙarfe ka sa aka yi walda, fito da hotunan aikin tun kafin ya tambaya.

Maman Ilham, Obalende:

Yayana, ni ban san inji ba, amma akwai abin da ban ga ka ambata ba. Kuɗin gyaran shekara shida daga aljihunka ya fita ko daga na Baba? Kyauta ka yi masa ko kuwa? Ku zauna da magada gaba ɗaya da malamin da zai raba gadon, a warware wannan tun kafin kuɗi ya shigo hannu. A gidanmu kan wani injin niƙa da ɗan uwanmu ya gyara aka yi shekara biyu ba a gaisawa. Kuma kada ka karɓi tayi kai kaɗai, a samu biyu daga cikinsu su shaida.

Mai Fiton Kaya, Apapa:

Maganar Baba bakanike gaskiya ce. Sai dai batun turawa waje ina so ka yi lissafi da idon basira. A Ingila akwai irinta a kasuwa, akwai ƙungiyoyin masu MG, kuma farashinta bai kama ƙafar na Jaguar E-Type ba. Kafin ka biya kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, da inshora, da harajin shiga can, da la'adar masu gwanjo, rabon marayu ya zaizaye. A Legas kuwa zai yi wuya a nuna maka ta biyu. Akwai masu hali a Ikoyi da Lekki da ke tara tsofaffin motoci, su ne kasuwarka, ba dillalan Berger masu tokunbo ba.

Abin da zai ɗaga maka ita takarda ce. A Gaydon, inda gidan tarihin motocin Birtaniya yake, ana ajiye da kundin masana'antar MG. Ka tura musu lambar shasi, ka biya, za su ba ka takardar shaida mai ɗauke da ranar ƙira, da launin da ta fito da shi, da inda aka aika ta. In bayanan suka dace da abin da ke jikin motar, bakin mai taya miliyan 9 ya mutu. Ka haɗa da tsohon katin mota da rasit ɗin 1974 in suna nan. Ka kuma gaya wa mai saye cewa Sarki Charles na Ingila ma, tun yana yarima, MGC GT ya riƙa hawa.

Ɗan Layin Dogo, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba bakanike, sitiyari yana nan inda yake, na yi maka alkawari. Maman Ilham, kin taɓo inda yake min ciwo. Don Baba na yi gyaran, ban taɓa rubuta ko kwabo da niyyar a biya ni ba, amma ban faɗa wa kowa da bakina ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan tara su in faɗa a gaban malam.

Rasit ɗin yana nan. Jiya da dare Inna ta fito min da shi daga cikin adakarta, da sa hannun Baturen, haɗe da hoton Baba a tsaye jikin motar a bakin tashar Iddo. Yallaɓai na Apapa, lambar shasin da ke kan ɗan farantin cikin bonet ta ɗan goge, harafi biyu ba sa karantuwa sosai. Wadda ke cikin tsohon katin mota za ta wadatar, ko sai na ɗauki hoton farantin na tura musu tare?