Abin da na'ura ta fi ka iyawa, akwai sauran amfanin koyonsa?

Abba: Jama'a ni dai maganata ɗaya ce, duk abin da AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, ta riga ta fi mutum iyawa to koyonsa ɓata lokaci ne. Jiya Kawu ya shafe awa uku gaban allon ces, darar nan mai sarki da doki, shi da abokinsa, alhali manhajar kyauta da ke cikin wayata za ta cinye su su biyun. Ba raini ba ne Kawu, tsakani da Allah nake tambaya.

Kawu Sule: Abba ai wannan maganar ta girme ka. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, lokacin shi ne zakaran duniya, uku da rabi da biyu da rabi aka tashi. Ranar da na ji labarin jikina ya yi sanyi wallahi, na ɗauka shikenan an yi wa wasan jana'iza. To ga shi nan da ransa, Chess.com, dandalin buga ces a intanet, kaɗai ta haura mambobi miliyan 100 a ƙarshen 2022, kuma yaron nan Gukesh na Indiya da ya zama zakaran duniya a Disamban 2024 yana ɗan shekara 18, an haife shi ne bayan na'ura ta gama da mu, da ita ma ya yi ta atisaye.

Abba: Na ji Kawu, amma Lee Sedol fa, gwanin Go, wani wasan dara na Asiya? Manhajar AlphaGo ta ci shi huɗu da ɗaya a wasan Go a Seoul a 2016, a 2019 ya ajiye wasan, kuma da bakinsa ya ambaci AI cikin dalilansa. Wanda ya fi kowa sanin abin ne fa ya haƙura.

Yaya Nafisa: Shi sana'arsa ce Abba, burinsa ya zama na ɗaya, Kawu kuwa ba kambu yake nema ba hira yake da abokinsa ta kan allo. Ni kyamarar fim nake riƙewa har yanzu, hoto 36 ne a nadi ɗaya, sai na tsaya na yi tunani kafin na danna, sannan in jira a wanke, wani ya fito da kyau wani ya ƙone, kuma wanda ya ƙonen ma ina tuna inda nake tsaye da na ɗauke shi. Wayata akwai dubban hotuna ban san rabinsu ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce, Kodak da ta shigar da takardar karayar arziki a 2012 sai da ta dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018 saboda masu nema, a Amurka kuma faifan garmaho ya fi CD yawan sayuwa a 2022, rabon da a ga haka tun 1987.

Malam Habu: Nafisa a nan ban bi ki ba. Dawowar garmaho kasuwa ce, kamfanoni sun gano kewar da tana kawo kuɗi shi ne suke sayar mana da ita, da yawa ma saye suke su jingine a ɗaki waƙar kuma a waya suke ji. Abin da ya dame ni daban ne, amana ce ta tafi. Na bar buga ces a intanet saboda in mutum ya yi min wani motsi mai kyau maimakon in yaba sai zuciyata ta ce anya ba manhaja ya buɗe a gefe ba, kuma wataƙila bawan Allah da kansa ya yi, na ɗauki alhakinsa a banza. Hoto ma yanzu haka, ka ga mai kyau sai ka fara ƙirga yatsun mutumin don gane ko AI ce ta yi shi.

Yaya Nafisa: Wannan kam gaskiya ne Malam, ya taɓa faruwa da ni, na sa hoton da na sha wahalarsa aka ce AI ce, ya yi min ciwo sosai. Nagetif ɗin na ɗauko na nuna. Amma batun kasuwa, ko kuɗi suke nema ai sai da suka ga masu so tukunna.

Abba: To na sassauta kan manya da suka riga suka iya. Amma ƙanwata da ke koyon zane yanzu fa, sai ta yi sati kan fuska ɗaya ba ta fito daidai ba, ƙawarta ta rubuta wa AI layi biyu ta samu wanda ya fi nata cikin daƙiƙa goma, ranar nan kuka ta yi ta ce ta daina. Ku lokacin da kuke koyo ba wanda ya ajiye muku gwani a aljihu yana nuna muku gazawarku kullum.

Kawu Sule: Wannan ta fi ta farkon nauyi, kuma ka yi gaskiya, ni na yi shekaru ina buga shirme cikin jin daɗi don duk abokan wasana shirmen suke bugawa. Ka turo min ita Asabar ta zo da littafin zanen nata, har da shafukan da ta yage, ina so in gani.

Malam Habu: A tambaye ta ma ko ƙawar tata ce ta yi mata dariya ko ita da kanta ta gwada ta karaya, don ba ɗaya ba ne.