Yarinya 'yar shekara bakwai ta daina magana a aji, me ya kamata in yi?

Malamar aji biyu:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma a wannan zangon aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara 7 wadda iyayenta suka baro ƙauyensu saboda hare-haren 'yan bindiga. Ba ta amsa tambaya, ba ta shiga cikin yara idan an tashi tara, kuma da zarar an buga ƙofa da ƙarfi sai ta firgita ta shige ƙarƙashin benci. Mahaifiyarta ta shaida mini cewa a da yarinya ce mai surutu, amma yanzu har fitsarin kwance ta koma yi bayan ta daɗe da dainawa. Wasu abokan aikina na cewa kunya ce irin ta shekarunta, wasu kuma na cewa taurin kai ne wanda bulala za ta gyara. Yaya zan gane gaskiyar lamarin?

Malami a kwalejin ilimi:
Wa alaikumus salam, Malama. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Switzaland, Jean Piaget, ya bayyana cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro yakan fara tunani mai tsari a kan abin da yake gani yake taɓawa, ya iya jera abubuwa, ya kuma fahimci dokokin wasa. A wannan mataki ne yara suka fi son ƙawaye da wasan rukuni, saboda haka keɓewarta ba halin shekarunta ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar mahaifiyarta. Yaron da ya yi jinkirin kaiwa wani mataki daban yake da yaron da ya riga ya kai sannan ya koma baya, kuma komawa baya bayan an ga tashin hankali alama ce ta firgicin da bai bar zuciya ba. Duka ba zai ƙara mata komai ba sai tsoro.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa, ki roƙi iyayenta su kai ta asibiti a duba kunnenta da kuma fitsarinta, domin ciwon jiki ma yana iya jawo irin waɗannan alamu. Idan ba a sami komai ba kuma abin ya ci gaba, a nemi likitan lafiyar ƙwaƙwalwa; akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Iyaye da yawa na gudun zuwa don kada a ce ɗansu ya haukace, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14. Don Allah kada ki matsa mata ta ba ki labarin abin da ta gani.

Tsohon hedimasta:
'Yata, Allah ya saka miki da alheri da kika lura da ita. Ki zaunar da ita kusa da teburinki, nesa da ƙofa, tare da wata yarinya mai sanyin hali. Ki ba ta ƙaramin aiki na kullum, kamar raba alli ko goge allo, domin yaron da rayuwarsa ta hargitse yana samun natsuwa idan ya san abin da zai faru gobe. Idan ta jiƙa kayanta a aji, ki rufa mata asiri, kada yara su mayar da ita abin tsokana. Ki kuma faɗa wa iyayen cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Malamar aji biyu:
Na gode ƙwarai, Baba, da sauran malamai. Zan ga mahaifiyarta ranar Litinin kan batun asibitin, sannan zan roƙi hedimastanmu ya hana kowa dukanta.