Acaɓa ta mutu a Legas, POS ko kai saƙo?

Ɗan Funtuwa: Salam jama'a. Shekara 9 ina acaɓa, tun da aka hana mu Ikeja, Apapa da Surulere a 2022 sai raɓe-raɓe nake a lungunan Agege, ga mai tun cire tallafi shi ke cinye cinikin. Ina da mashin ɗaya da dubu 300. In ɗaura akwati in koma kai saƙo ko in kafa lema in yi POS? Zancen gida babu, gonarmu ba ta shiguwa.

Baban Ummi: Ka koma gida noma kawai ɗana.

Ɗan Funtuwa: Baba ka karanta ƙarshe mana.

Na Kakuri: Hmm. Mahaifina shekara 22 yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, wata safiya suka tarar da kwaɗo a get, har ya rasu katin aikinsa na aljihu yana jiran haƙƙinsa. Ni kuma na zo nan gadi, shekara 11 a gida ɗaya a Lekki, yaran gidan a gabana suka girma, rana ɗaya maigida ya sa kyamara ya ɗauko 'yan kamfani masu yunifom, na je su ɗauke ni wai sai da takardar sakandare. Albashin wata ɗaya da tsohuwar fanka aka sallame ni da su wallahi.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan mahaifi, ya saka maka.

Auwalu POS: Dubu 25 na karɓi na'urata, akwai rufin asiri.

Mai Albasa: 25 a ina? Ƙanena 45 ya biya, kuma layinsu lema biyar ce, suna hamma.

Auwalu POS: To an cuce shi.

Mai Albasa: Kai da ke Kano za ka faɗa mana Legas? Bari waɗanda ruwa ya daka su yi magana.

Ɗan Gayu: Ka auri 'yar Iya mai amala ka gaji shago 😂

Mai Albasa: Ni abin da ke cina tikiti ne. Kafin buhu ya fita kasuwar Mile 12 agbero ('yan tasha masu karɓar kuɗi) uku sun karɓa, shugabanninmu kuma sai tara kuɗin ƙungiya, ran da aka kama yaro wayarsu a kashe.

Na Kakuri: Kar ma ka tono wannan.

Ɗan Funtuwa: Jama'a akwatin fa, nawa ake sayarwa?