Tarihi ne ko ibada? Muhawarar iyaye kan kai yara wuraren bautar Hindu a birnin Bubaneswar na ƙasar Indiya

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau Khalil ya dawo makaranta da takardar neman izini. Ranar Asabar za a kai 'yan ajinsu tsohon gari su ga wuraren bautar Hindu uku, Mukteswar da Rajarani da Lingaraj. Malamarsu ta rubuta cewa darasin tarihi ne, babu ibada a ciki. Babansa ya ce in sa hannu, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Shekararsa 9.

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki sa hannun nan. Inda ake kaɗa ƙararrawa, ana ƙona turare, ana zuba wa gunki madara, ba a kiransa ajin tarihi. Bukhari ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke cikinsu. To ina ga ɗakin gunki, ina kuma ga yaron da bai gama sanin tauhidinsa ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baban Zahra: Allah ya gafarta Malam, wuraren nan uku kowanne da halinsa. Shekarata huɗu a garin nan. Lingaraj ko Khalil ya so shiga ba za a bar shi ba, domin Hindu kaɗai ake bari su wuce ƙofa. Akwai wani dandamali a bayan katanga, nan baƙi ke hawa su hango hasumiyar, mai tsawon kusan mita 55, ginin ƙarni na 11. Rajarani kuma ɗakin cikinsa wayam yake, babu gunki. Hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ce ke kula da shi, tikiti ake yanka a shiga kamar gidan tarihi. Sunan ma daga dutsen da aka gina shi da shi ya samo, wani ja-ja mai ratsin rawaya.

Abu Hafsa: Ɗakin wayam ne, na yarda. Bangon waje fa? Daga sama har ƙasa siffofin alloli ne da na mata, wasu ma ba na idon yaro ba ne. Ka je, ka gani, kada mu ɓoye wa Hajiya wannan.

Baban Zahra: Gaskiya ne, akwai su.

Maman Yusra: Ni ba ayar da zan ja, abin da ya faru da ni zan faɗa. Bara na bar Yusra ta bi irin wannan tafiya. Ta dawo da jan ɗigo a goshi, da 'yar alawa naɗe a ganye a aljihun jakarta. Na tambaye ta, ta ce: "Umma, layi muka yi, kowa ya miƙa goshi, sai na ji kunya." Ba wanda ya tilasta mata, mai kula da wurin ma da fara'a ya yi mata. Amma yarinya ba ta iya cewa a'a a gaban ƙawayenta talatin. Mukteswar har yau ana bauta a cikinsa, nan ne damuwata take.

Baban Zahra: Yaya, na ji wannan sosai. Amma mu tuna, a Kano an hau da mu Dutsen Dala muna firamare, aka ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura. Wa ya dawo gida yana bautar gunki?

Abu Hafsa: Bautar Dala ta mutu tun ɗaruruwan shekaru, dutse kawai kuka tarar. Bautar garin nan kuwa tana nan da ranta, kuma abokan ajinsa ne masu yin ta a gabansa.

Ummu Sadik: Wannan dalilin na Malam shi ya sa ni nake ganin ya je. Yaron nan kullum da su yake zama, da su yake cin abincin rana. In bai san abin da ke bayan katangar ba, ko dai ya yi ta sha'awarsa a ɓoye, ko wata rana ya zagi abin bautarsu da rashin sani, alhali aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu hakan. Gara ya ga ƙofar Mukteswar mai lanƙwasa, wadda aka sassaƙa fiye da shekara 1000, ya yi tambayarsa ga mahaifiyarsa, ta amsa masa da bakinta.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai. Yanzu na kira malamar. Ta ce suna neman iyaye biyu su raka su, na ba da sunana. Na gaya mata ba za a shafa masa komai a goshi ba, ba zai karɓi abincin da aka miƙa wa gunki ba, kuma a Mukteswar a farfajiya za mu tsaya. Ta ce ba matsala.

Abu Hafsa: Zuwanki ya rage mini nauyi, Hajiya. Amma a kan Mukteswar ina nan a kan bakana, ko farfajiyar da za ki bar ta da ya fi.

Maman Yusra: Ki sa masa takalmin da zai cire da sauƙi, kuma ki tafi da safa. Kafin ƙarfe goma duwatsun wurin sun fara ƙona ƙafa.